Bayoloji da Ƙididdiga a digiri ɗaya: in haɗa ko in saki ɗaya?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce, ina gab da gama shekarar farko a jami'a, a sashen Bayoloji. A zangon da ya wuce aka wajabta mana wani kwas na Ƙididdiga. Na shige shi ina ƙunƙuni, sai ga shi a nan na fi cin maki. Ba ma makin ba, Anti, daɗin da nake ji. Sai in zauna kan tambaya ɗaya har dare ya raba ban sani ba. Ranar da malamin ya nuna mana yadda ake gane ko magani ne ya yi aiki ko kuwa dace aka yi, da ƙyar na yi barci don tunani. Jami'armu ta yarda ɗalibi ya haɗa fanni biyu a digiri ɗaya, ko su zo kai ɗaya, ko ɗaya babba ɗaya ƙarami, kuma saura mako biyar a rufe karɓar fom. Ina so in haɗa biyun kai ɗaya, in da hali ma in ɗora Kwamfuta a matsayin ƙaramin fanni. Babana, wanda shi ke biyan kuɗin karatuna, ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in tsaya kan Bayolojin da ya san na je yi. Ƙawata kuma ta ce mai fanni biyu a takarda ya fi saurin samun aiki. Ina da ƙanne a bayana, ba na son abin da zai ja mini ƙarin shekara. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na ukun nan dai, Kwamfuta, ajiye shi tun yanzu mu rage kaya. Abin da kike buƙata daga can za ki same shi ta wata hanya, zan zo kansa. Maganar ƙawarki ma ba za ta ci mana lokaci ba. Mai ɗaukar aiki zai duba takardarki, gaskiya ne, amma bayan nan zai tura miki tarin bayanai ya ce ki faɗa masa abin da ke ciki, ko ya tsayar da ke a ɗakin gwaji ya ga yadda hannunki yake. A wannan lokacin abin da kika iya ne kawai zai fitar da ke. In sunaye biyu ne a takarda alhali ko ɗaya bai zauna ba, sai ma abin ya koma kanki.

Babanki kuwa, kada ki yi saurin cewa bai san zamani ba. Akwai lissafi a bayan maganarsa ko da bai zauna ya buga shi ba. Digiri yana da iyaka. A Amurka, inda haɗa fanni biyu ya zama ruwan dare, digirin farko na shekara huɗu galibi yunit 120 ne, yunit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. A ƙasashen Turai da suka bi yarjejeniyar Bologna ta 1999, shekarar karatu yunit 60 ce a nasu ma'aunin, kuma ana ƙiyasta kowane yunit da aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Buga ki gani: awa 1,500 zuwa 1,800 a shekara, daidai da aikin cikakken ma'aikaci. Na mai fanni ɗaya ke nan fa. Da jami'arku ta ce ta yarda ki haɗa biyu, ba ta ƙara miki ko awa ɗaya a mako ba. Don haka dole a samo wa na biyun wuri: ko a cinye miki duk kwasa-kwasan zaɓi, ko a rage wa kowane fanni wani abu, ko a ƙara miki nauyi a kowane zango, ko a ƙara lokaci. Shi ya sa jami'o'i da yawa a Amurka, idan ɗalibi ya nace sai takardun digiri guda biyu yake so maimakon takarda ɗaya mai ɗauke da fanni biyu, sukan nemi yunit wajen 150, wanda a aikace shekara biyar ce.

Ga inda ɗalibai ba su cika lura ba. Idan za a rage, ba daga ƙasa ake ragewa ba. Kwasa-kwasan shekarar farko da ta biyu ba su taɓuwa, domin su ne sharaɗin shiga na gaba. Abin da ke tafiya shi ne na shekarar ƙarshe, waɗanda ake zama a ƙaramin aji da malamin da ya ƙware a kansu, inda ake karanta binciken da aka wallafa kwanan nan, inda ɗalibi ke fara jin cewa shi ma ɗan fannin ne. Mai rabi da rabi yakan fito da gabatarwa biyu cikakku, amma a can sama ya ɗan leƙa nan ya ɗan leƙa can. Ko shahararrun digirin da aka san su da faɗi sun san da haka. A Oksfod akwai digirin Falsafa da Siyasa da Tattalin Arziki da aka fara tun 1920. Ana yin ukun duka a shekarar farko, bayan nan ɗalibi na da damar sakin ɗaya, kuma mafi yawansu suna sakin. A Kambirij ɗalibin kimiyya yakan fara da fannonin gwaji uku haɗe da Lissafi, amma kafin shekara ta uku ya tattara hankalinsa kan guda. Da faɗi ake farawa, a ƙuntata a ƙarshe. Ke kuma so kike ki faɗaɗa daidai lokacin da su suke tattarawa.

Duk da haka ba zan ce miki ki watsar da ɗaya ba, domin haɗin da kika zaɓo ba na son zuciya ba ne. Akwai fannonin da in an haɗa su ba abin da ke tsakaninsu sai ɗalibin da ke zirga-zirga daga wannan gini zuwa wancan. Bayoloji da Ƙididdiga ba haka suke ba, sun daɗe suna cin moriyar juna. Gregor Mendel, wanda ake kira uban ilimin gado, wato nazarin yadda 'ya'yan halitta ke gadon siffofin iyayensu, ya yi karatu a Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, ya koyi Fiziks a wajen Christian Doppler, ya koyi Lissafi. Mutane da yawa kafin shi sun auratar da tsirrai sun ga abin da ya fito. Shi sai ya zauna ya ƙirga. A gwaji ɗaya da ya yi da wani nau'in wake ya samu ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji, ya raba ya ga kusan uku ne bisa ɗaya, ya gane cewa akwai doka a ƙarƙashin abin. Ya wallafa a 1866, masana tsirrai na zamaninsa ba su ba shi muhimmanci ba, sai a 1900 aka waiwayo aikin.

Abin nan da ya hana ki barci ma yana da tarihi. Ronald Fisher Lissafi ya karanta a Kambirij, sai a 1919 cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila ta ɗauke shi ya duba bayanan amfanin gona da aka tara tun shekarun 1840. A can ya tsara hanyar raba gwaji ta ƙuri'a, don kada son ran mai bincike ya zaɓi filin da za a sa wa taki. A 1948 aka wallafa sakamakon gwajin maganin streptomycin kan tarin fuka a Birtaniya, inda aka raba marasa lafiya gida biyu ta irin wannan hanya, kuma masanin ƙididdigar da ya tsara rabon shi ne Austin Bradford Hill. Hill ba likita ba ne. Likitanci ya so yi, tarin fuka ya kwantar da shi, ya ƙare da digiri a Tattalin Arziki. Shi ne kuma tare da Richard Doll suka wallafa binciken 1950 da ya danganta shan taba da sankarar huhu. Zuwa lokacin da aka kammala aikin karanta jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, daga 1990 zuwa 2003, haruffa wajen biliyan 3 ake magana, abin da ba idon da zai iya bi sai da lissafi da kwamfuta.

Amma ki lura da wani abu game da mutanen nan. Fisher bai fito da takarda mai fanni biyu ba, haka Hill. Francis Crick ma Fiziks ya karanta, sai da ya haura shekara 30 ya koma Bayoloji, a 1953 kuma shi da James Watson suka bayyana siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta. Kowannensu ya riƙe abu ɗaya da ƙarfi tukuna, sannan ya shiga gidan maƙwabta da shi a hannu. Kuma galibi daga ɓangaren lissafi ake tsallakawa zuwa Bayoloji, komawa ta ɗaya hanyar ta fi wuya. Dalilin a fili yake. Lissafi hawa-hawa ne: ba ki iya fahimtar ka'idar yiwuwa, wato lissafin yiwuwar aukuwar abu, sai da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canjawa, ba ki iya fahimtar yadda ake yanke hukunci daga samfuri sai da ka'idar yiwuwa, ba ki iya sarrafa bayanai masu fuskoki da yawa sai da aljabarar jadawali, wato lissafin lambobin da aka jera layi-layi. Wanda ya tsallake na ƙasa yana ɗan shekara 19, da wuya ya samu natsuwar komawa yana ɗan 30 ga aiki ga iyali. Bayoloji ma tana da abin da ba a koya a ɗaki, wato aikin hannu a ɗakin gwaji, amma babban kaso na iliminta mutum mai himma zai iya karantawa daga baya.

Yanzu bari in faɗa miki abin da na gani a wasiƙarki, ki yi haƙuri in na taɓa inda ba ki so. Kin ba ni labarin daren da kika raba kan tambayar Ƙididdiga. Kin ba ni labarin darasin da ya hana ki barci. Bayoloji fa? Abin da kika ce a kanta shi ne ita ce "wadda ya san na je yi". Ko jimla ɗaya ba ki yi ba kan wani abu da ya burge ki a cikinta. Ina zargin ba haɗawa kike so ba, 'yata. Sauya fanni kike so, kina jin nauyin faɗa wa Baba, shi ne kika samo hanyar da za ki tafi inda ranki yake ba tare da kin ce kin bar inda ya ajiye ki ba. In haka ne, za ki ɗauki nauyin fanni biyu shekara uku cur don gudun zance ɗaya na rabin awa. Wannan ciniki bai yi ba.

Mai yiwuwa kuma na yi miki gurguwar fahimta, kina son Bayolojin, kawai dai sabon abu ne ya fi ɗaukar ido. Shi ya sa kafin ki taɓa fom ɗin nake so ki gwada kanki, kuma mako biyar ya isa. Kwas ɗin da kika yi, irin wanda ake shirya wa ɗaliban wasu sassa ne: a ba ki ƙa'ida, a nuna miki inda za ki zuba lambobi, ki fassara abin da ya fito. A cikin sashen Ƙididdiga kansa tambayar takan koma: daga ina ƙa'idar ta fito, tabbatar mana. Shafi biyu na alamomi babu lamba ko ɗaya, babu labarin magani, babu marar lafiya. Wasu a nan suke gane sun iso gida, wasu kuma a nan soyayyar take ƙarewa, kuma ba abin kunya ba ne. Ki je sashen, ki nemi wani ɗan shekara ta biyu ya ara miki littafin darasinsa na ka'idar yiwuwa da tambayoyin jarrabawar bara. Ki ba su awa ɗaya kullum na mako biyu. Ba cewa na yi ki iya ba, ai ba a koya miki ba tukuna. Ki duba dai: in kin maƙale, haushi kike ji ki rufe littafin, ko kuwa kina wanka abin na yi miki yawo a ka? In ana lakca a lokacin, ki nemi izinin malamin ki zauna a baya. Sannan ki nemi 'yan shekarar ƙarshe da suka haɗa fanni biyu, su ne za su gaya miki abin da ba a rubuta a littafin sashe ba.

In kin fito daga gwajin nan kina neman ƙari, shawarata Ƙididdiga ta zama babban fanninki, Bayoloji ta koma ƙarami, ki zaɓi ilimin gado da na ƙwayar halitta da duk wani kwas da ya shafi yaɗuwar cututtuka. Shekararki ta farko ba ta tafi a banza ba, mafi yawanta za ta shiga lissafin ƙaramin fannin, sai dai ki bincika ko Lissafin da kika yi ya kai wanda sashen ke nema. In kuma kin ga amfani da Ƙididdiga kike so ba tono asalinta ba, ki zauna a Bayoloji, ki ɗauki Ƙididdiga ƙarami, amma kada ki tsinci masu sauƙi don gyara maki. Ki ɗauki kalkulas, aljabarar jadawali, ka'idar yiwuwa da nazarin dangantakar bayanai. Irin waɗannan ne ake dubawa in kin zo neman digiri na biyu a ƙididdigar lafiya ko nazarin annoba, kuma a can ne haɗin yake yin armashi. Rabi da rabi kuwa, ga mai ƙanne a baya wadda ba ta son ƙarin shekara, ni dai ba zan zaɓa miki shi ba sai in takarda ta nuna zai shiga ba tare da matsi ba.

Takardar da nake nufi ita ce wannan. Ki samo littafin ƙa'idojin sassan biyu, na bana, kada ki dogara da abin da wani ya ce an ce. Ki ja layi a babbar takarda, kowane zango da ya rage miki da gidansa, ki zuba kowane kwas na dole a inda ake koyar da shi, ki rubuta yunit ɗinsa a gefe. Nan take za ki fara ganin abubuwa. Za ki ga kwas ɗin da sau ɗaya ake bayarwa a shekara, wanda in kika faɗi ko kika rasa shi, duk na bayansa sun ja baya da shekara guda. Za ki ga zangon da yunit ya haura iyakar da jami'a ta yarda a yi wa rajista. Sai ki ɗauko jadawalin lakca na bana ki ɗora ɗaya kan ɗaya. A ce ranar Talata da ƙarfe biyu kina da aikin ɗakin gwaji na awa uku, wanda ake ɗaukar sunan mahalarta, a daidai lokacin kuma ake lakcar ka'idar yiwuwa a wani gini. Masu tsara jadawalin kowane sashe ɗalibansu suke dubawa, ba wanda ya zauna ya tuna da ke. Karo irin wannan guda ɗaya ya isa ya haifar da kariyoba. Ki tambaya kuma: kwas nawa aka yarda a ƙirga wa fannonin biyu a lokaci ɗaya? Kundin bincike ɗaya za ki rubuta ko biyu? In ɗaya ne, wane sashe zai ba da malamin da zai duba ki? In kina kan wani tallafin karatu da ke neman matsakaicin maki, ki sa wannan ma a lissafi, domin nauyi in ya yi yawa makin ne ke fara biya.

Akwai kuma maraicin da ɗan fanni biyu ke sha, ba a cika faɗa ba. Wannan sashe na ganin ke 'yar wancan ce, wancan ma haka. A canja ranar gwaji a sanar a zauren ɗaliban sashe, ke ba kya ciki. Maganinsa ki samu malami ɗaya tun da wuri wanda ya san sunanki kuma aikinsa ya taɓa ɓangarorin biyu, ki riƙa kai masa takardar nan yana gani. Kundinki na ƙarshe kuma ki ɗora shi daidai kan mahaɗar: bayanan gaske na wata cuta ko wata shuka, ki yi musu nazarin da ɗan Bayoloji zalla ba zai iya ba. Wannan kundin zai yi miki magana a gaban mai ɗaukar aiki fiye da duk abin da aka buga a takardar shaida.

Kwamfutar da na ce ki ajiye: abin da kike buƙata shi ne iya rubuta umarnin sarrafa bayanai. Akwai manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990. Kyauta ce, masana ƙididdiga da masu binciken halittu da ita suke aiki a ko'ina. Ki sauke ta a hutun nan ki fara da bayanan aikin gwajin da kika riga kika yi. In kin samu gurbin zaɓi ɗaya, ki ɗauki kwas ɗin farko na rubuta manhaja. Ya wadatar a yanzu.

Abu ɗaya da zai iya rushe duk wannan: in a ranki ko a ran Baba akwai niyyar ki bi ta Bayoloji ki shiga Likitanci ko wani aikin da sai da lasisi ake yi, to hukumomin da ke ba da lasisin suna da jerin kwasa-kwasan da ba sa sassautawa a kai. Ki duba nasu sharaɗin kafin ki rage komai. Ina ma jin nan damuwar Baba take, ko da bai furta ba.

In za ki same shi, kada ki je da "ina so" kawai, kuma kada ki je da niyyar kayar da shi a muhawara. Mutumin da ke cire kuɗi daga aljihunsa yana da haƙƙin ya san abu uku: yaushe za ki gama, ko kuɗin zai ƙaru, da kuma wane aiki ake yi da abin. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki shimfiɗa masa takardar, ki ce: "Baba, na yi tunani kan maganarka, na ga gaskiya ce biyu kai ɗaya za su yi mini yawa, na fasa. Ga wanda nake so ya zama babba, ga dalilina, ga shekarar da zan gama, ba ta canja ba." Ki gaya masa inda masu wannan ilimi ke aiki: cibiyoyin binciken lafiya, kamfanonin magunguna, hukumomin ƙididdiga da na ƙidayar jama'a, binciken noma, bankuna da kamfanonin inshora. In akwai wani babba da yake jin maganarsa kuma ya san harkar jami'a, ki fara nuna masa takardar, ya taya ki bayani. In Baba ya ce a ba shi lokaci, ki ba shi, shi ya sa nake so ki je masa a mako na uku, kada ki bari sai ana gobe za a rufe.

In kuma ya tsaya kan bakansa cewa Bayoloji ce babba, ki karɓa ba tare da ɓacin rai ba, ki ɗauki Ƙididdiga ƙarami da kwasa-kwasai huɗun can masu wuya, ƙofar digiri na biyu tana nan a buɗe. Kafin ki miƙa fom ɗin dai, ki je ofishin rajista ki tambayi har zuwa wane zango aka yarda ɗalibi ya juya babba ya koma ƙarami, da kuma ainihin abin da za a rubuta a takardar shaidarki. Ki roƙa a ba ki amsar a rubuce, ko a nuna miki shafin da take a littafin ƙa'idoji, ki ɗauki hotonsa ki adana.

Allah ya yi miki zaɓin alheri.